Ruwan da Ake Ganin Ƙasansa

Wani ɗalibi a Villeurbanne kusa da Lyon, wanda ko shekara biyu bai yi da samun permi, wato lasin tuƙi, ba, ya dube ni rannan ya ce aikin da na yi ba aiki ba ne, yawon shan iska ne ake biyana. Wai in zauna kan kujera mai laushi, waya tana faɗa mini dama da hagu, in kai mutane bakin ruwa, in ci naman da suka gasa. Ban tanka masa ba, don a lokacin bakina cike yake da shinkafar gidansu. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, ku da kuke ganin duk wanda ya iya juya sitiyari ya zama direba.

Sunana Ilu, mutumin Tawa ne ni. Daga farkon shekarun dubu biyu har ranar da gwiwata ta ce ta gaji, ƙaramar kar, wato bas, mai kujera ashirin da biyu nake tuƙawa. Duk lokacin zafi ina kwasar mutanenmu daga Paris da Lyon in kai su kudu, cikin kwazazzaban Ardèche da Tarn, inda hanya ke manne da jikin dutse, ruwa kuma yana can ƙasa. Ɗalibai ne da iyalai, mutanen da suka shekara tsakanin jirgin metro da ɗaki, suna son su ga dutse da ruwa da sarari.

Wata Alhamis na ɗauki iyalai huɗu a Montreuil, gefen Paris, da sassafe, tafiyar kwana huɗu. Wanda ya haɗa tafiyar shi ne Alhaji Laminu, mutumin Damagaram, mai shagon wayoyi a Barbès. Ƙato ne, ya kusa sittin, kuma irin mutanen nan ne da in suka yi magana ba a ƙarawa. Ya zauna a kujerar gaba kusa da ni, kuma tun kafin mu hau babbar hanya ya fara ba ni labarin tafkin garinsu. Yadda yana yaro yake ratsa shi da iyo ya dawo, yadda ba a taɓa kama shi ba a wasan ruwa. Abokansa biyu, Malam Habu da Malam Tukur, suna baya suna gyaɗa kai. Da gani sun ji labarin ya fi a ƙirga.

A Lyon muka tsaya ɗaukar ƴarsa Rakiya, wadda take karatun injiniya a Villeurbanne. A nan Faransa aka haife ta. Ina cikin saka jakarta a bayan mota ta matso kusa da ni. Tonton take ce mini, wato kawu.

"Tonton, ina son magana da kai, minti biyu."

"Ina ji, ɗiyata."

"Tun muna ƙanana Papa ke ba mu labarin tafkin nan. Amma ni ban taɓa ganin shi cikin ruwa ba, ko sau guda. Ko pisin, wurin iyo, ya kai mu, bakin ƙofa yake tsayawa. Yanzu ya ce gaban kowa sai ya je har ƙarƙashin kaskad, inda ruwa ke zubowa daga dutse, da iyo. Ka san shi, in ya faɗa an gama."

"To ki gaya mishi mana."

"Ni? Gaban abokanshi? Tonton, ka san ba ta yiwuwa."

Na sani kuwa. Daga nan kaya biyu suka hau kaina: in maido da Alhaji gida da ransa, kuma in maido shi da girmansa. In na yi shiru zai nutse, in na yi magana a gaban jama'a na kunyata dattijo a gaban ƴarsa. Wannan ba ya cikin abin da ake tambaya a jarrabawar permi.

Ni ban taɓa tambayar fasinja ko ya iya ruwa ba. Duk namijin da ka yi wa wannan tambayar a gaban matarsa zai ce ya iya. Abin da nake tambaya shi ne a ina ya koya. In ya ce a kogi, wajen Gaya ko Yamai, sai in kwantar da hankalina. In yaron nan ne da aka koya masa a makaranta, shi ma ba ruwana da shi, sai dai in hana shi tsalle daga kan dutse. Amma in mutum ya ce a tafki ya koya, to idona ba ya barin kansa har mu dawo.

Ba wai ƙarya suke yi ba. Tafkinmu na gida ruwan damina ne, ja wur da laka, da wuya ya wuce ƙirjin yaro. Kana kaɗa hannu, ƙafarka tana taɓa ƙasa tana tura ka, kai kuma ka ɗauka iyo kake yi. Sannan mun tashi da sanin cewa ruwan da ba a ganin ƙasansa shi ne abin tsoro, wanda kake hango tsakuwarsa kuwa iya gwiwa ne. A cikin duwatsun nan abin ba haka yake ba. Ruwan garai-garai yake, kana ƙirga duwatsun ƙasa ɗaya bayan ɗaya, alhali sun fi tsawon mutum biyu nisa da kai.

Da jikina na koyi wannan. Na zo Lyon karatu, karatun ya ƙi ni, na koma wankin motoci a garejin wani kamfanin sufuri. Wani tsohon direba mai suna Marsel ya ga ina leƙen yadda yake ja da baya, ya ce in nemo permin manyan motoci zai koya mini sauran. Shekara biyu ina zaune a gefensa. Shi ya koya mini in sauka gangara da giyar da zan hau ta, in bar inji ya riƙe mota, kada in kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Yakan tsayar da ni a tsakiyar gangara ya ce in sauka in shinshina ƙafafun mota. In na ji ƙauri, ranar ba zai yi mini magana ba har mu isa gida.

Tafiyarmu ta farko zuwa Ardèche, muka tsaya bakin wani gurbi don mu ci abinci. Na hango tsakuwa fara tas a ƙasa, na naɗe ƙafar wando zan yi alwala a ciki, na taka. Abin da na sani kawai shi ne duniya ta koma kore, sanyi ya daki ƙirjina, ƙafata tana neman ƙasa babu. Marsel ne ya jawo ni da wuyan riga, burodinsa yana ɗaya hannun bai ko ajiye ba. Da na gama amayar da ruwa ya tambaye ni ko a ƙasarmu haka ake wanke ƙafa. Sati na zagayowa ya kai ni pisin ya rubuta sunana. Ajin da ya rage da gurbi na tsofaffin mata ne, a cikinsu na koyi iyo ina da shekara talatin da huɗu, suna tafa mini duk ranar da na kai ɗaya bakin.

Tun daga nan kayan aikina suka ƙaru. Akwai taswirar takarda da na cika da fensir, don a cikin kwazazzabo wayar da kuke taƙama da ita ba ta da bakin magana. Akwai waigi biyu na katako na tokare ƙafar mota, igiya mai tsawo, butoci shida, tabarmi, da rigunan ruwa masu ruwan lemo guda takwas, waɗanda suke hana mutum nutsewa. Sai sandata. Sandar masu fenti ce, irin wadda ake ja ta tsawaita har mita huɗu, na naɗa mata jan salatif a kowace mita. Duk gurbin da muka isa, ba mai taɓa ruwa sai na zura ta a gaban kowa.

Ranar farko da yamma muka fara gangarawa cikin kwazazzabo. Hanya ce da mota biyu ba sa wucewa sai ɗaya ta raɓe, dutse ya rufo a dama, rami a hagu. Na sa giya ta biyu, ina danna oda a kowace kwana. Motar da ta cika da surutu tun Paris ta yi tsit, sai salatin Hajiya Mariya, matar Alhaji, kake ji daga baya. Da muka karya kwanar ƙarshe kogin ya bayyana a ƙasa, kore shar tsakanin fararen duwatsu, sai kowa ya manta da tsoro ya manne da taga. Shekara nawa ina bin hanyar nan, amma duk lokacin da na kai wannan kwanar sai raina ya yi fari.

A gurbin farko na zura sanda, ta shige har mita uku. Kowa ya gani ban da Alhaji, wanda ya juya baya yana amsa gaisuwar wasu Turawa. Kafin ya waiwayo na riga na ciro naman rago daga akwatin ƙanƙara.

"Alhaji, naman ga in na bar wa mutanen Paris za su ɓata shi. Ba mai iya gashi sai ɗan Damagaram."

"Ka faɗi gaskiya, Malam Ilu. Kawo yajin."

Haka ya ƙare yammacin a gaban murhun da aka gina a wurin, yana juya nama yana ba da umurni, yara suna ta tsalle-tsalle a ruwa. Matan suka sami wani lungu bayan dutse inda ruwan bai wuce ƙugu ba, suka shiga da kayansu, dariyarsu tana dukan dutse tana dawowa. Rakiya ta wuce ta gabana da tsire a hannu, ta ɗaga mini babban yatsa.

Rana ta biyu da gangan na zaɓi wata matsirga da hukuma ta hana wanka a cikinta. Matsirga ita ce inda ruwa ke zubowa daga kan dutse, abin da yara ke ce wa kaskad. Muka yi tafiyar rabin awa a ƙasa cikin itatuwa, muna jin rugugin ruwan tun ba mu gan shi ba. Muka yi sallar azahar a kan wani faffaɗan dutse, feshi yana sauka a bayanmu, Alhaji ne liman.

Wannan matsirgar ce ta taɓa ba ni kunya a shekarar da aka yi mugun zafi. Ruwan sama ya ɗauke tun farkon shekara, ni kuma ban yi waya na tambaya ba, na kwaso ɗalibai ashirin daga Lyon da alkawarin za su ga abin da ba su taɓa gani ba. Muka isa muka tarar da baƙin dutse yana ɗiga kamar famfon da ya lalace. Wata ɗaliba ƴar Maraɗi ta ce, "Tonton, busasshiyar korama ka kawo mu gani? Ai muna da ita bayan gida." A shekarar aka rufe hanyoyin daji saboda tsoron gobara, tafiye-tafiye suka watse, na ƙare lokacin zafi ina kai tsofaffi kasuwa. Tun daga nan ba na tashi sai na kira mai gidan burodin ƙauyen na tambaye shi yadda ruwa yake.

Dabara ta kai ni kwana biyu, ba ta kai ni na uku ba. A gidan baƙin da muka sauka, muna cin abincin yamma, Malam Habu ya ce, "Alhaji, mun zo ganin gwanin tafki, har yanzu gwanin tsire muka gani." Aka yi dariya. Alhaji ya ajiye cokali ya ce gobe da hantsi kowa ya zo bakin ruwa, zai je ya taɓa dutsen da ke bayan matsirgar wani gurbi na kusa da gidan ya dawo. Na dubi Rakiya, ta sunkuyar da kai a kan farantinta.

Washegari bayan sallar asuba na ce wa Alhaji ya raka ni in duba ruwa, don ido biyu ya fi. Gurbin bai fi tafiyar minti goma daga gidan ba. Shi ne mafi kyau a duk waɗanda na sani, kewaye da dutse, matsirga tana zubowa a can ɗaya gefen. Ba kowa sai mu biyu da tsuntsaye. Alhaji ya tsaya a kan dutse ya leƙa.

"Wannan ne? Ai ko cibiya bai kai ba. Ga tsakuwa nan ina gani."

Na ja sandar har ƙarshenta na miƙa masa.

Ya zura ta da hannu ɗaya. Jan salatif na farko ya shige, na biyu ya shige, na uku ya bi su. Ya durƙusa, ya miƙa hannu har ruwa ya taɓa hannun rigarsa, sandar ba ta taɓa komai ba. Tsakuwar tana nan yadda take, yana ganinta. Ya daɗe a durƙushe kafin ya ciro sandar.

"Ikon Allah," ya ce a hankali.

"Ni ma a tafki na koya, Alhaji. A irin ruwan ga wani tsohon Bature ya jawo ni da wuyan riga. Zo nan gefe inda yake iya ƙirji, ka gwada mini irin naku na Damagaram."

Ya tuɓe rigar sama ya shiga, sanyin ya sa shi kabbara. Hannunsa gwanin kyau, yana yanka ruwa yadda ya kamata. Amma ina kallon ƙafarsa ta dama ta cikin ruwan, duk taku biyu sai ta sauka ta dungure ƙasa. Na shiga na tsaya kusa da shi, na ce ya ɗaga ƙafafun duka biyu. Ya ɗaga. Nan take kansa ya shige, hannuwa suka fara dukan ruwa ba tsari. Na tallafo shi ta hammata na tsayar da shi, yana tari yana riƙe da kafaɗata.

Muka zauna a kan dutse, na ba shi tawul. Ban dube shi ba, don bai kamata a dubi babba a irin wannan lokacin ba.

"Ashe duk shekarun ga tafiya nike cikin ruwa," ya ce. "Wallahi ban sani ba, Malam Ilu. Ban yi wa ɗiyana ƙarya da gangan ba."

"Na sani, Alhaji. Kuma ba wanda ya gani sai ni. In kana so, in ce birki na buƙatar gyara, mu tashi da wuri mu nufi gari. Ba mai musu da direba kan birki."

Na yi masa tayin da zuciya ɗaya, kuma na ɗauka zai karɓa, don da yawa sun karɓi irinsa a hannuna. Ya dubi matsirgar.

"A'a. Kar ka yi ƙarya saboda ni. Kuma na ce zan taɓa dutsen can." Ya goge fuskarsa. "Rakiya ta iya sosai?"

"Ta fi ni nesa ba kusa ba."

"To kira mini ita. Ka taho da rigar nan taku mai ruwan lemo."

Abin da suka yi tsakanin nan da hantsi ban gani ba, don na koma duba mai da ruwan mota na bar uba da ƴarsa. Da jama'a suka taru a bakin gurbi, sai ga Alhaji Laminu ya fito daga bayan dutse da dogon wando, an ɗaure masa rigar ruwa tam a kan tumbi, igiyar da ƙyar ta kai. Malam Habu ya buɗe baki zai yi magana, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Ku saurara. Tafkin da nike ba ku labari gaskiya ne, na ratsa shi ya fi sau ɗari. Sai dai yau na gano iya nan yake tsaya mini." Ya nuna ƙirjinsa. "Ban iya ruwa ba. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu, don in na dawo ba ni son ji."

Aka yi dariyar kuwa, har da shi. Ba a gama ba sai Malam Tukur ya matso kusa da ni yana sosa ƙeya, ya tambaya ƙasa-ƙasa ko akwai sauran rigar. Malam Habu ya ce in akwai biyu a ba shi ɗaya, wai don ya taya su. A ranar rigunana takwas ba wadda ta kwana a mota.

Na tsaya a kan dutse da igiya a hannu. Rakiya ta shiga gaba, tana iyo da baya, fuskarta tana kallon ubanta. Ya bi ta yana kaɗa hannu, har suka wuce inda ƙasa ke ƙarewa. A tsakiyar gurbin na ga ƙafarsa ta sauka tana lalube, ba ta sami komai ba, idanunsa suka fito. Na gyara riƙon igiya.

"Papa, dube ni," in ji Rakiya. "Kar ka nemi ƙasa, babu ta. Ni za ka nema. Shura, shura, haka."

Ya dube ta, ya shura. Kaɗan-kaɗan suka matsa har feshi ya rufe su, muka daina ganinsu sai ruwan lemon rigar. Can sai ga hannu ya fito ya daki dutsen bayan matsirga sau uku. Bakin gurbin ya kaure da tafi, Hajiya Mariya ta rangaɗa guɗa har Turawan da ke can gefe suka miƙe suna tafawa ba su san dalili ba. Ni dai na ajiye igiyata, na ji daɗin da ban taɓa ji ba a kan wani aiki.

Da suka fito, haƙoransa suna kaɗawa, ruwa yana zuba daga gemunsa. Abokansa suka nufo shi da hannu, ya ce su dakata. Ya juya wajen ƴarsa a gaban kowa, ya ɗan rusuna.

"Malama, gobe ƙarfe nawa ne darasi?"

Rakiya ta matse gashinta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Bayan asuba, Papa. Kuma ba ni son latti."

"To," in ji Alhaji Laminu.